Kafin Ka Jefar Da Fulogin Nan

Da masu shirya mujallarmu suka ce kowane sashe ya kawo darasi ɗaya da zai amfani wanda ba ɗan sashen ba, sai na ce ni a kan fulogi zan yi. Abokin ɗakina, ɗan sashen Akanta, ya kwashe da dariya, wai duk abin da aka koya mana shekara biyu a injiniyan kanikanci ban ga na rubutawa ba sai ɗan ƙarfen da bai wuce tsawon yatsa ba. Na ƙyale shi. Ni na san abin da ɗan ƙarfen nan ya ci wa gidanmu.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana da Golf 3 da yake kabu-kabu da ita a cikin gari. Daga jikinta kuɗin rajistata na ND I suka fito, daga jikinta kuma ake cefane a gidaje biyu. Mota ce da ta girme ni nesa ba kusa ba, don tun 1991 kamfanin Volkswagen ya fara ƙera irinta, kuma kafin shekara ta 2000 an daina. Matsalarta ɗaya da ta ishi Kawu: kusan duk sati shida sai ya canza fulogi. Za ta fara wuyar tashi da safe, sai ta riƙa karkarwa a sulo, in ya taka totur ta yi kamar ta shaƙe. Ya je a ɗaura sababbi guda huɗu, ta warware, a yi sati biyar lafiya lau, a koma gidan jiya. Mitarta ta daɗe da mutuwa, amma da muka yi lissafi da kwanakin aiki, bai fi kilomita 4,000 yake yi da saiti ɗaya ba.

Lokacin na gama ND I, na fara SIWES a wani gareji, kaina kuma cike da abin da na karanta. Na ce, "Kawu, ai kai ke sayen na araha. Akwai wanda ake ce wa iridiyam, yana yin kilomita 100,000 ba a taɓa shi ba." Ya ce, "Kai yaro, ka tabbata?" Na ce na tabbata. Kuɗin guda ɗaya ya kusa sayen saitin da ya saba saye. Ya daure ya saya huɗu, wannan kuwa bayan cire tallafin mai na Mayun 2023, lokacin da kowane direba ke ƙirga lita kamar ƙwayar magani.

Sati uku suka yi. Ko shidan da aka saba ba su kai ba.

Ranar da Kawu ya shigo garejin motar na ɗingishi, ban san inda zan sa fuskata ba. Ogana bai ce komai ba. Ya bari injin ya huce, ya yago kwali ya huda rami huɗu, ya rubuta 1, 2, 3, 4, ya ce in kwance su ɗaya bayan ɗaya in soka kowanne a raminsa. Da na gama ya ce, "To Injiniya, karanta mana." Haka yake kirana in zai yi mini tsiya. Na duba na ce duk sun yi baƙi. Ya ce, "Baƙi iri nawa?" A nan darasin ya fara, kuma shi nake so in raba da ku. Amma sai mun ɗan koma baya tukuna, saboda waɗanda ba su taɓa buɗe bonet ba.

Yadda fulogi ke tsufa in an bar shi ya tsufa

Aikin fulogi ɗaya ne: ya kunna cakuɗen fetur da iska da fistin ya matse a cikin silinda. Batir volt 12 kawai yake bayarwa. Kwayil ne ke ɗaga wannan wuta zuwa volt dubu goma, dubu ashirin, har sama da haka, ta biyo waya ta shiga ta saman fulogi, ta gangara ta tsinken da ke tsakiyar farin tangaran, sannan ta yi tsalle ta tsallaka 'yar tazara zuwa lanƙwasasshen ƙarfen da ke bakinsa, wanda zan riƙa kira ƙugiya. Tsallen nan shi ne tartsatsi. Duk lokacin da ya faru, sai ya ɓantare wani ɗan mitsitsin ƙarfe da ido ba ya gani daga tsinken da ƙugiyar, zafi da iskar ƙonewa su ƙara cin nasu.

Mu yi lissafi, don 'yan Akanta su ji daɗi. A injin mai bugu huɗu, wato shaƙa, matsa, ƙonewa, fitar da hayaƙi, kowane fulogi sau ɗaya yake tartsatsi a juyi biyu na injin. In mota na gudun kilomita 100 a awa, injin na juyi 3,000 a minti, to kowane fulogi na tartsatsi 1,500 a minti, 25 ke nan a daƙiƙa guda, 90,000 a awa. Raba da kilomita 100, ka samu 900 a kowace kilomita. Yanzu ɗauki motar da ke yawo cikin gari, tsaya nan ɗauki can, a ce injin na juyi 1,500 a minti amma a awa guda kilomita 20 kawai aka ci. Tartsatsi 45,000 ke nan a awa, 2,250 a kowace kilomita. Ninki biyu da rabi. In kuwa a gosulo take tsaye ko a tasha ana jiran fasinja, injin na sulo a juyi 800, fulogi zai yi tartsatsi 24,000 a awa alhali mita ko motsi ba ta yi ba. Saboda haka duk adadin kilomitar da ka gani a jikin kwali, ka rage shi in motarka 'yar cikin gari ce.

Kamfanin NGK ya ba da ƙiyasin cewa a injin mai bugu huɗu tazarar fulogi na gama-gari kan ƙaru da milimita 0.01 zuwa 0.02 a kowace kilomita 1,000. Ke nan wanda aka ɗaura da tazarar 0.8, bayan kilomita 20,000 zai iya kaiwa 1.0 ko 1.2. Ban da faɗin tazara, bakin tsinken da yake da kaifi yana sabo sai ya zama mulmulalle, wuta kuwa ta fi saurin tsalle daga wuri mai kaifi. Abu biyun nan suna sa fulogi ya riƙa neman volt fiye da da. A sabuwar mota mai kwayil a kan kowane fulogi akwai rarar wuta, ba za ka ji komai ba sai an jima. A tsohuwar mota mai kwayil ɗaya da distiributa, wato mai rarraba wutar, da wayoyin da suka sha zafin shekara ashirin, rarar kaɗan ce. In wutar ta ga tsallaka tazarar ya yi mata wuya, sai ta nemi hanya mafi sauƙi: ta tsagar waya, ta murfin distiributa, ko ta cikin kwayil ɗin kansa. Sau da yawa kwayil ɗin da aka ce ya ƙone haka kawai, tsohon fulogi ne ya wahalar da shi.

Ga wani abu da ke ruɗin mutane. Za ka ga an kwance fulogi, an jingina shi da jikin injin, an yi kik, an ga tartsatsi shuɗi, a ce ai lafiyarsa ƙalau. Waɗanda suka yi fizis za su tuna dokar Paschen: yawan volt ɗin da ake buƙata don wuta ta tsallaka tazara ya dogara da faɗin tazarar da kuma matsin iskar da ke wurin. A sarari, kusan volt 3,000 sun isa tsallaka milimita ɗaya. A cikin silinda kuwa fistin ya matse iskar ninki goma ko fiye, buƙatar ta ninninka. Shi ya sa motar da fuloginta ya gaji take zama lafiya a sulo, amma in ka ɗauki mutum shida da buhu biyu ka doshi hawa, ko ka fito za ka wuce tirela, a nan take fara misin. A daidai inda ka fi buƙatarta.

Maganar jan ƙarfe da filatinam da iridiyam kuma, ga gaskiyarta. Wanda ake ce wa na jan ƙarfe, a cikin tsinken jan ƙarfen yake don ya kwashe zafi, bakin da ke tartsatsi gaurayen nikel ne. Nikel na narkewa a digiri 1,455, filatinam a 1,768, iridiyam a 2,446. Da yake iridiyam ba ya saurin cinyewa, sai aka iya sirantar da tsinkensa zuwa milimita 0.6 ko 0.4, alhali na gama-gari 2.5 ne. Siririn baki na buƙatar volt kaɗan, kuma yana daɗewa bai canza siffa ba. Na gama-gari kan yi kilomita 20,000 zuwa 30,000, filatinam da iridiyam kan kai 100,000, wasu ma su wuce. Ke nan abin da na gaya wa Kawu ba ƙarya ba ne. Abin da ban sani ba shi ne, duk wannan lissafin na fulogin da ya mutu da tsufa ne. Na Kawu ba tsufa ke kashe su ba.

Baƙi iri nawa?

Mu koma kan kwalin. Oga ya ce in shafa bakin lamba 1 da yatsa. Baƙin busasshe ne, laushi kamar kunkunniyar fitila, ya kama mini yatsa. Lamba 2 da 4 ma haka. Lamba 3 kuwa jiƙe yake sharkaf, yana ƙyalli, yana danƙo. Ya ce, "Cuta biyu ke nan. Uku na fama da ɗaya, ɗaya na fama da biyu." Sannan ya nuna mini tsinkayen da kansu: ko ɗis ba su cinye ba, sababbi fil a ƙarƙashin dattin.

Kunkunniya tana ɗaukar wutar lantarki. In ta lulluɓe farin tangaran, sai wutar ta bi ta jikinta ta silale zuwa ƙarfen fulogin, ba ta tsallaka tazarar ba, ba a yi tartsatsi ba. Wannan bai dami ko bakin tsinken nikel ne ko iridiyam ba. Ko da zinari aka yi shi haka za ta yi masa.

Fulogi na da hanyar wanke kansa. In bakin tangaran ya kai zafin digiri 450 zuwa 500, kunkunniyar ƙonewa take ta bi hayaƙi. In bai kai ba, taruwa take. Saboda haka busasshen baƙi na nufin ɗayan biyu, ko duka biyun: fetur ya yi wa iska yawa, ko fulogi ba ya samun zafin da ya kamata.

Oga ya juya wajen Kawu ya ce, "Malam, fankar motar nan da ka murɗa makulli take tashi, ko?" Kawu ya ce ƙwarai, ai tun da ya saye ta aka yi mata dairek saboda obahitin, aka cire tamostat ma. Ya faɗa da alfahari, kamar wanda ya yi wa mota gata.

Ina so in daɗe a nan, don wannan al'ada ta game ƙasar nan. Da mota ta sauka daga Kwatano, abu na farko da ake ba mai ita shawara shi ne ya cire tamostat, wai na ƙasar sanyi ne. Tamostat ƙofa ce kawai tsakanin injin da lagireto. Tana rufe injin na sanyi don ya yi saurin ɗumi, in ruwa ya kai wajen digiri 85 zuwa 90 ta buɗe. A zafin watan Afrilu buɗe take, ba ta hana komai. Amma da asubar hunturu, in babu ita ga fanka na hurawa ba tsayawa, injin zai daɗe ƙwarai bai kai zafinsa ba. A motar da ke da injekta akwai na'urar da ke auna zafin ruwa tana gaya wa ƙwaƙwalwar mota. Muddin ta ce da sanyi, ƙwaƙwalwar za ta ci gaba da ƙara fetur, kamar yadda ake jan cok a tsohuwar mota mai kafireta. Ka ga an haɗa abu biyun: fetur ya yi yawa, zafi ya yi kaɗan. Ƙari a kan haka, da muka buɗe matatar iska, wadda a gareji ake ce wa eya-kilina, ƙurar hunturu ta toshe ta har ba ka ganin hasken rana ta jikinta. Motar Kawu fetur take zubarwa ta salansa, yana ta zagin gidajen mai wai litarsu ba ta cika.

Lamba 3 kuwa baƙin mai ne ke shiga inda ake ƙonewa. Hanyarsa biyu ce: ko ta ƙasa, in ringin fistin sun gaji, ko ta sama, in robar da ke rufe wuyan bawul ta bushe ta tsage. Bambanta su ba wuya, kuma bambancin kuɗin gyaransu babba ne. Motar da robar bawul ɗinta ta lalace takan yi shuɗin hayaƙi da safe a tashin farko, ko bayan ta daɗe a sulo aka taka totur, sannan ya ragu. Ta ringi kuwa hayaƙin na ƙaruwa in ana gudu da kaya. Don tabbatarwa sai a auna matsin kowace silinda da ma'auni. In ɗaya ta gaza sauran sosai, a zuba cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi a sake aunawa. In matsin ya tashi, ringi ne. Na Kawu duka huɗun sun zo kusa da juna. Oga ya ce, "Ka yi sa'a, ba sai an sauke injin ba."

Sai dai a kula. A motoci irin su Corolla da Accord da fuloginsu ke can cikin rami a tsakiyar murfin injin, mai kan tsiyaya daga gasket ɗin murfin ya cika ramin, ka zaro fulogi ka gan shi jiƙe. Duba da kyau: in jikinsa na sama ne ya jiƙe amma bakin da ke cikin silinda a bushe yake, gasket ne kawai. An sha sauke injin mutane a kan wannan.

Sauran launukan kuma a gurguje. Ruwan toka ko ruwan ƙasa mai haske, lafiya ke nan. Fari fat mai ƙuraje, ko ƙugiyar da ta fara narkewa, zafi ya yi yawa: fetur ya yi kaɗan, ko taimin ya yi gaba, ko fulogin ba na motar ba ne. Wannan ya fi baƙi haɗari. Wanda ya fita daban da 'yan'uwansa ya yi tsaf kamar an wanke shi, ga ruwan lagireto na raguwa, a duba gasket ɗin kan injin. Duk wannan karatu ba zai yiwu ba in an kwance su an zube cikin tasa ɗaya, shi ya sa kwalin nan mai ramuka huɗu.

Lambar da ke jikinsa

Na ce fulogi na buƙatar zafi. Amma in bakinsa ya haura digiri 800 zuwa sama, shi kansa sai ya zama garwashi, ya kunna fetur kafin lokacin tartsatsi, fistin na hawowa wuta na danno shi. Wannan kan huda fistin. Saboda haka kowane injin akwai fulogin da aka auna masa, wanda zai zauna tsakanin iyakokin biyu. Mai dogon hancin tangaran yana riƙe zafi, ana ce masa mai zafi. Mai gajeren hanci na saurin miƙa zafin ga injin, ana ce masa mai sanyi.

Ɗauki BP6ES na NGK, wanda ya cika shagunan kayan gyara. B na nufin kaurin tiredi milimita 14, P hancinsa ya ɗan fito waje, 6 matakin zafi, E tsawon tiredi milimita 19, S tsinke na gama-gari. In ka ga R a ciki, kamar BPR6ES, akwai resisto na kusan om 5,000 da ke hana tartsatsin damun rediyo da ƙwaƙwalwar mota. Motar da ke da injekta irinsa take so. In ka ga 11 a ƙarshe, kamar BKR6E-11, tazararsa milimita 1.1 ce. Ga tarkon: a NGK da Denso, in lamba ta ƙaru fulogin ya fi sanyi, a Bosch da Champion kuwa in ta ƙaru ya fi zafi. Mai shagon da ya ce maka "ai duk shida shida ne" bai taimake ka ba.

Wasu makanikai in mota na shan mai sukan sa mata fulogi mai zafi mataki ɗaya don ya riƙa ƙone dattin. Dabara ce da ke aiki a cikin gari na ɗan lokaci, ba zan ce ƙarya ba ce. Amma ranar da aka ɗauki motar nan aka hau titin Kaduna zuwa Kano da rana tsaka, dabarar na iya cin fistin. Tsawon tiredi ma haka: dogo ya leƙa cikin silinda har fistin ya iya dukansa, gajere ya noƙe cikin rami tartsatsin bai isa ga fetur sosai ba.

Motocin da suka fi Golf 3 tsufa, irin su Peugeot 504 da kamfanin PAN ya fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, da kafireta suka zo, na farkonsu kuma da kwantak. Wutarsu ba ta kai ta zamani ƙarfi ba, shi ya sa tazararsu ƙarama ce, wajen 0.6 zuwa 0.7. In ka ɗaura musu mai 1.1 don ka ji an ce babbar tazara ta fi ƙona mai, da safe sai an tura. Kuma a zamaninsu akwai dalma a cikin fetur, wadda ke barin datti a bakin fulogi, don haka tsofaffin makanikai suka saba da kwance shi a kankare a duk sabis. An daina sa dalmar, Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe a duniya da ta daina sayar da irin wannan fetur na mota a 2021, amma al'adar kankarewa na nan. A ganina goge fulogi na gama-gari da burushin waya a gyara tazararsa ba laifi, musamman a wannan tsadar. Gasa shi a wuta har ya yi ja kuwa na iya tsaga tangaran. Iridiyam da filatinam kada a kai musu burushi ko sanfefa, kada kuma a danna wani ƙarfe a siririn bakin, karyewa yake.

Akwai kuma masu ƙugiya uku ko huɗu, Golf da yawa da irinsu suka zo. Direbobi na cewa wuta uku suke bayarwa lokaci guda. Ɗaya ce. Tana zaɓar ƙugiyar da ta fi kusa, in ta cinye ta koma ta gaba, shi ya sa suke daɗewa. Ba a gyara musu tazara.

Na jabu ma sun yi yawa, har kamfanonin da kansu suna gargaɗi a kai, kuma an fi kwaikwayon masu tsadar. Duba rubutun jiki ko yana gogewa da farce, washa ko tana zamewa ta faɗo da kanta, tiredi ko yana da kaushi, bakin iridiyam ɗin ko siriri ne da gaske. Mai R kuma ana iya auna shi da mitar lantarki a ga resiston.

Wajen ɗaurawa ake ɓarnar da ta fi kowacce tsada. Kan injin yawancin motocin nan alminiyam ne, fulogi kuwa ƙarfe. A bari injin ya huce. A hure ƙasar da ke gefen ramin kafin a zare tsohon, in ba haka ba cikin silinda za ta faɗa. A fara murɗa sabon da hannu zalla. In ya ƙi tafiya bayan juyi ɗaya ko biyu, a dawo da shi baya, ya hau karkace ne. In ya zauna, sabo mai washa rabin juyi zuwa kashi biyu cikin uku ya ishe shi da sifana, wajen Nm 25 zuwa 30 ga mai ma'aunin ɗauri. Wanda aka taɓa ɗaurawa washarsa ta riga ta matse, ɗan taɓi kawai yake so. Na ga yaron gareji ya sa faifa a sifana ya hau da ƙarfinsa, tiredin ya biyo fulogin waje kamar zare. Wayoyi kuma a cire ɗaya a mayar kafin a taɓa ta gaba. Yawancin injin mai silinda huɗu 1-3-4-2 yake bi, in ka musanya biyu za ka ji harbi ta salansa.

Kada wani ya ce shi ba shi da mota. Ƙaramin janaretan da ake cajin waya da shi a bakin hostel, wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, mai bugu biyu ne, duk juyi ɗaya sai ya yi tartsatsi, 50 a daƙiƙa. In ka ga kullum ana kwance fuloginsa ana gogewa, tambayi mai shi yadda yake auna man da yake zubawa. Yawanci da ido ne.

Fulogin da ke misin kuma ba a kansa kaɗai abin ke tsayawa ba. In silinda ɗaya cikin huɗu ta daina ƙonewa, kashi ɗaya cikin huɗu na fetur ɗin da ka saya ɗanye yake fita. Wani ya wanke man da ke jikin silinda ya gangara ya tsinka baƙin mai, ringi su ƙara cinyewa. Wani ya je ya ƙone a cikin matatar hayaƙin da makanikai ke kira indomi, ya narkar da ita.

Abin da muka yi wa motar Kawu bai taka kara ya karya ba. An mayar da tamostat, an mayar da fanka kan na'urarta, an wanke lagireto, don dama dattin cikinsa ne ya jawo obahitin ɗin farko. An sa sabuwar matatar iska, an canza robobin bawul. Kawu ya yi gardama sosai a kan tamostat, sai da Oga ya ce in ta yi zafi ya dawo shi zai biya. Oga ya ce a wanke iridiyam ɗin da man wanke kafireta a mayar, tunda lafiyarsu ƙalau. Kawu ya ce wallahi ba ya son sake ganinsu a injinsa. Aka sa na gama-gari huɗu masu lambar da ta dace, tazara 0.8.

Bayan wata bakwai na je hutu na kwance su, na jera a kwali. Uku ruwan toka, tazara ta kai 1.0, na matse ta na mayar. Lamba 3 ya ɗan fi sauran duhu, muna sa masa ido, wataƙila ringin ne suka fara magana. Yanzu suna cikin wata na goma, in mun gama jarrabawa zan canza su. Iridiyam ɗin nan huɗu kuwa suna nan cikin gwangwanin madara a aljihun gaban mota. Duk ranar da na ɗauko wa Kawu wata sabuwar shawara daga makaranta, ba ya cewa komai, sai ya miƙa hannu ya ɗauko gwangwanin ya girgiza.